Muryar Malama Ɗayyaba

A wata makarantar firamare a Argungu, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Ƙanwarsa Ummu Hani tana ajin ƙananan yara, wurin Malama Ɗayyaba.

Malama ita kaɗai ce a ajin, yara kuwa sun cika tabarmi har bakin ƙofa. Wannan yana kuka, wancan ya jiƙa wando, wata ta ɓatar da takalmi. Kullum tana lallashi tana waƙa, har muryarta ta dushe.

Wata rana yaron ya leƙa ta taga. Malama tana ƙoƙarin rera waƙar haruffa, murya ta ƙi fita. Sai ya shaƙe murya ya kwaikwaye ta. Yara suka kwashe da dariya.

Malama ta ajiye alli. Ta juya ga bango, ta share ido da gefen hijabi.

Washegari ba ta zo ba. Mako ya ƙare, shiru. Ummu Hani ta daina cin tuwonta. Kowace safiya sai ta riƙe zanin Inna tana kuka.

"Mi ya same ki, ɗiyata?" in ji Inna.

"Yaya ne ya sa Malama kuka. Ta tafi."

Yaron ya sunkuyar da kai. Inna ba ta doke shi ba. Ranar Asabar ta sa shi a mota, suka nufi Birnin Kebbi, gidan iyayen Malama.

Suka same ta zaune a tsakar gida, ta rame. Ya durƙusa gabanta.

"Malama, ki gafarta mini."

Ta ɗago shi. "Ba kai kaɗai ba ne, ɗana. Na daɗe da gajiya. In na koma gida, ko nawa ɗiyan ba ni iya yi musu magana. Ranar nan na ga kamar wahalata abin dariya ce."

"Ummu Hani ba ta cin abinci," ya ce, hawaye na zuba. "Ke take kira."

Malama ta rufe fuska da tafin hannu.

Inna ta tara iyaye, suka ga shugaban makaranta. Aka raba ajin biyu, aka ƙaro wata malama. Da Malama Ɗayyaba ta dawo, yara suka ruga suka rungume ta. A ranar Ummu Hani ta cinye tuwonta, har ta nemi ƙari.

Yaron ya gane cewa malami ma mutum ne, yana gajiya, yana jin zafi. Wanda ke wahala dominka, godiya ta dace da shi, ba ba'a ba.