Hannun da Mataimaki Ya Ɗaga

An daɗe ana faɗin cewa jifa aka yi wa Lauya. Wai waɗanda suka nemi kujerar mataimakin shugaban ƙasa suka rasa ne suka haɗa baki, suka aika masa da abin da ya cinye gidansa. A gidan biki a faɗa, a gidan makoki a faɗa, har maganar ta zama kamar karatu. Ni kuwa tsufa ya koya mini cewa duk zancen da ya yi wa kowa daɗin faɗa, to a ɗaga shi a leƙa ƙarƙashinsa. Babban mutum ba ya faɗuwa sai an ce maƙiya, kamar shi ba shi da ƙafar yin tuntuɓe. Na zauna da yayarsa, wadda take riƙe da shi yanzu, na kuma kalli bidiyon tarukan kamfen ɗinsa har idona ya yi ruwa. Ga abin da na samo.

Lauya mutum ne mai tsaftar suna. Matarsa ta ƙuruciya ce, ba a taɓa jin kansu ba. 'Yarsa tana karatun likita, yana kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Sai ƙaninsa Auta, wanda ya rena tun rasuwar iyayensu, shi ke riƙe masa jaka da waya. Jam'iyyarsu ta masu ra'ayin mazan jiya ce, kirarinta “Gida na gari, ƙasa ta gari.” Sai dai Ɗan Takararsu na shugaban ƙasa, baki gare shi kamar reza, amma gidansa ba ya nunuwa: ya saki mata har an daina yi masa jaje, 'ya'yansa maza kuma kullum suna cikin jarida. Don haka da aka zo neman abokin takara, sunan Lauya ya shiga bakin manya.

Bayan an gama tantancewa, Daraktan kamfen ya ja shi ofis ya rufe ƙofa.

“Lauya, mun tone ka tun daga firamare, ko tarar hanya ba mu samu ba. Har ka ba mu haushi.” Ya yi dariya, sannan ya gimtse. “Amma tsafta ba ta zuba wa jirgi mai. Mataimaki da ƙarfinsa yake zuwa. Akwai wani mai masana'antu da ke jiran kujerar nan da buhunansa. Kai me za ka ajiye a kan tebur?”

Lauya ya fito. Ga kujera yana jin ƙamshinta, hannu ya kasa kaiwa. Wani mutum da ya taɓa tsaya wa a shari'a, wanda arzikinsa ya zo dare ɗaya, shi ya kwatanta masa wurin wani boka.

Wani dogon bene ne da aka fara aka watsar, a bayan masu walda. Da rana tsaka ya hau, matakala ba makari, ƙarar guduma tana raguwa a bayansa har ta ɗauke ɗif. A hawa na ƙarshe akwai ɗaki ba taga, an rufe ƙofarsa da baƙar fata. Ciki sanyi kamar ramin kabari, ga ƙarni. Fitilar mai tana ci a ƙasa. Da idonsa ya saba da duhun sai ya ga bangon: tafukan hannu ne, ja da ya koma baƙi, tun daga ƙasa har rufi, bibbiyu, kamar mutane sun yi ta neman hanyar fita.

Bokan yana zaune a kan turmi, da fararen kaya tas da tabarau, kamar ma'aikacin banki. A gabansa akwai kwano cike da wani abu mai kauri da ke motsi ba a taɓa shi ba.

“Kujera ta biyu kake so,” in ji shi, bai ɗago ba. “Masu son ta ɗaya sun fi ka gaskiya. Zauna.”

“Dukiya nake so, wadda za a gani. Nawa ne aikin?”

“Kuɗi mu muke bayarwa, ba ma karɓa. Sharaɗi ɗaya ne. Duk naka da ka ɗaga hannunsa sama da kansa a gaban taro, ka miƙa mana shi.”

Lauya dai lauya ne, sai ya gyara zama kamar yana gaban mai ba da shaida.

“Nawa, wato wa?”

“Wanda in ya mutu kai za a zo yi wa gaisuwa.”

“In wani ya ɗaga nawa hannun fa?”

“Wannan tsakaninka da shi.”

“In kuma har na mutu ban ɗaga na kowa ba?”

Bokan ya ɗago, ya yi murmushi. “To ka ci bulus.”

Saura kaɗan Lauya ya yi dariya. Mataimaki ai nasa hannun ake ɗagawa, shi ba ya ɗaga na kowa. Kuma jam'iyyarsu ba ta hawa da iyali kan dandamali, raini ma take yi wa masu yin haka. A ransa ya ce tsohon nan bai san siyasa ba. Ya naɗe hannun riga.

“Tsoma,” in ji bokan. “Duka.”

“Duka biyun?”

“Hannu nawa gare ka?”

Abin da ke cikin kwanon ɗumi gare shi, ya kuma ji kamar wasu yatsu sun kama nasa daga ƙasa sun gaisa da shi. Ya manna tafukansa a bango. Fitilar ta kwanta, ta sake tashi.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsar ruwa. Wani kamfanin ma'adinai ya damƙa masa duk shari'unsa. Wani fili da ya saya ya manta, sai babbar hanya ta bi ta gefensa. Motoci suka cika harabar gidansa, ya ba kamfen jirgi. Darakta da ke kiransa Lauya ya koma cewa “ranka ya daɗe.” Aka sanar da sunansa.

Ranar gabatarwa fili ya cika ya tumbatsa. Manya suka jeru a kan dandamali, Ɗan Takara ya kama hannun daman Lauya. Mai sanarwa ya kwarara murya: “A haɗa hannu gaba ɗaya, a nuna musu kanmu a haɗe yake!” Kowa ya kama na kusa da shi. Auta, da ya hau don miƙa masa takardar jawabi, ya cafke hannunsa na hagu yana dariya.

“Yaya, mun iso!”

Hannuwan layin suka tashi sama gaba ɗaya. Lauya ya ji wani sanyi ya fita daga kafaɗarsa ya bi yatsunsa ya shiga hannun ƙaninsa. A lokacin ya tuna tambayar da aka yi masa a gaban kwano.

Ba a yi nisa ba, Auta yana tsaye a harabar ofis yana waya yana raha, ya yanke jiki ya faɗi. Masu wanka sun fito suna zufa. Hannunsa na dama ya miƙe sama da kansa, sun yi iyakar yinsu ya ƙi saukowa.

Daga ranar Lauya ya koma tafiya hannu a aljihu. Abinci ya daina shiga. In matarsa ta miƙo masa kofi sai ya ce ta ajiye. Ta ce, “Abban Uwata, wai ƙazanta gare ni yanzu?” Ya ƙara cusa hannunsa a aljihu.

Sai Darakta ya zo da maganar taron mata. Za a hau da Uwargida.

“Yaushe muka fara hawa da mata?” Lauya ya tambaya.

“Tun da muka samu wadda za a iya nunawa. Ranka ya daɗe, kada ka ruɗi kanka. Masu kuɗi sun yi yawa. Ba kai muka ɗauko ba, gidanka muka ɗauko.”

Ya hau yana maimaita wa kansa cewa hannunsa ba zai bar bayansa ba. Amma baiwar Allah ba ta saba da taro ba. A matakalar ƙarshe lulluɓinta ya harɗe ta, ta tafi za ta kifa, ya riƙo ta. Masu hoto suka ɗauki ihu, “Sama! Sama!” Shugabar mata ta jam'iyya, tana guɗa, ta sa hannu ta tura gwiwar hannunsa.

Ita ba ta mutu ba. Da safe aka same ta tsaye a tsakiyar falo, hannu a sama, idanu a kafe.

“Suna riƙe da ni,” take cewa. “Abban Uwata, ka ce su sake ni. Hannunsu sanyi.”

Aka kai ta ɗakin baya aka sa sakata. Jam'iyya ta ce likita ya ba ta hutu. Amma muryarta tana ratsa bango, kuma duk inda Lauya ya zauna a gidan yana jin ta.

Ya koma benen da gudu, ya zube a gaban bokan.

“Ka yaudare ni!”

“Kai ka yi tambayoyi, ni na amsa. Wace amsa ce ta zama ƙarya?”

“A warware.”

“Sauƙi gare shi. Janye sunanka da bakinka. Abin da muka ba ka ya koma inda ya fito, matarka ta sauke hannu kafin ka isa gida. Wanda aka ci dai an ci.”

Lauya ya dubi tafukansa a bango, har yanzu a jiƙe suke.

“A bar ni zuwa bayan zaɓe.”

“Mu ba mu matsa maka ba. Hannunka ne.”

Raɗe-raɗi suka fara yawo: ina matar mataimaki? Me ya kashe ƙaninsa? Darakta ya zo fuska ba annuri. Har yanzu doka ta ba su damar canza suna, ya ce, kuma mai masana'antun nan bai tafi ko'ina ba. Mafita ɗaya ce. A babban taro na gaba a hau da yarinyar, likitar gobe, a ɗaga hannunta kowa ya ga gidan yana tsaye.

Safiyar taron Lauya ya naɗe hannuwansa biyu da bandeji, ya ce ruwan zafi ne. Uwata ta zaunar da shi ta warware a hankali, ta juya tafin, ta dube shi.

“Abba, ni za ka yi wa wayo? Hannun nan ya fi nawa lafiya.” Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. “Na san tsoron taron kake tun abin Kawu Auta. Ina tare da kai. Umma ma za ta warke, in sha Allah.”

A mota ya yi ta kare kansa a gaban kansa. Auta ai yana da hawan jini. Ita kuma baƙin ciki ne ya taɓa ta. Wace kotu ce za ta karɓi kwano a matsayin hujja?

Suka hau. Jama'a ta ɗauki kirarin jam'iyya kamar tsawa. A gefen dandamali mai masana'antu yana tsaye da sabuwar hula, yana murmushi. Uwata ta sa hannunta a cikin na ubanta.

“Abba, hannunka kamar ƙanƙara.”

Na kalli wurin nan a bidiyo sau ba adadi. Babu wanda ke kusa da su. Babu layi, babu mai tura gwiwar hannu. Ya dubi yarinyar, ya dubi mai masana'antu, ya dubi taron. Ya rufe ido.

A hanyar komawa gida ta jingina kai a kafaɗarsa ta ce barci take ji. Da suka isa direba ya buɗe ƙofa, hannunta yana dafe da rufin mota.

Jam'iyya ta yi ta'aziyya mai kyau, sannan ta cire sunansa, don gidan da ake ta fitar da gawa ba ya shiga fosta. Kamfanin ya janye shari'unsa, filin ya zama na rigima, motoci suka bi juna. Matar tana gidan iyayenta, hannun ya bushe a sama kamar reshe. Shi kuwa yana wani ɗaki a gidan yayarsa, zaune a kan tafukansa. In jikokinta suka shigo gaishe shi sai ya kurma ihu ya shige lungu.

Masu kwaɗayin kujera, ku ji da kyau. Wanda zai ba ku duniya ya ce ba ya son kuɗi, ya riga ya ga abin da yake so a cikin gidanku. Kuma wayon da kuke taƙama da shi, da shi za a ɗaure ku.

Babu wanda ya yi wa Lauya jifa. Da ƙafarsa ya hau benen, aka faɗa masa sharaɗi, aka kuma nuna masa ƙofar fita. Ya ga gawar ƙaninsa, yana jin kukan matarsa, ya kama hannun 'yarsa ya ɗaga.