Tsayin Abba

"Kada ka sake ce min Zumata!"

Auta ta dangwarar da filashin a kan teburinsa, idanunta jajur. Injiniya, saurayinta mai shagon juya tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, ya miƙe baki buɗe.

Tana goye Abbanta ya rasu. Kaset ɗaya tak ya rage mai ɗauke da motsinsa da muryarsa, shi ta faki ido ta ɗauko daga durowar Umma ta kawo masa. Ya juya shi cikin filashi lafiya, amma wajen fitarwa zaren ya tsinke ya dagargaje don tsufa. Jiya ta yini tana kallon wani gajere mai ƙiba, tana hawaye tana kiransa Abba. Yau da safe ta tara mutanen gida ta kunna musu da ƙarfin gwiwarta, Umma ta kalla sau ɗaya ta ce wannan ba mijinta ba ne. Mijinta dogo ne siriri, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Nan fa Ɗan Gwaggo, da ya daɗe yana sonta tana ƙi, ya samu abin yi. Ya ce wanda ya kasa riƙe amanar kaset, ina zai riƙe ta mace? Umma ta yanke hukunci: kada manyan Injiniya su tako mata gida.

"Ka sa na yi wa baƙo kuka," in ji Auta. "Ban taɓa ganinsa ba... kai ka fi kowa sani."

Ya kunna bidiyon jiki a sanyaye. Agogon bangon da ke bayan Abba ya koma kamar ƙwai. Ya dafe kai. Hoton tsohon kaset huɗu bisa uku ne, shi kuwa garin ɗokin burge ta ya adana shi da ma'aunin talabijin mai faɗi, sha shida bisa tara, bai ko tsaya ya duba ba. Ya rantse mata ba abin da ya ɓace, bayanin da ke gaya wa talabijin faɗin hoton ne kawai ya karkace.

"Ni ba lacca na zo ji ba. Tashi ka gyara a gaban Umma."

Da suka isa gida, Umma ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya durƙusa a kan kafet, ya haɗa kwamfutarsa da talabijin, ya buɗe wani baƙin allo wanda ba hoto ba ado, sai rubutu. Ɗan Gwaggo ya taɓe baki ya ce to, an koma tsibbu ke nan.

Injiniya ya rubuta layi ɗaya: sunan bidiyon, ma'auni huɗu bisa uku, da umarnin a kwafe hoton yadda yake kada a taɓa shi. Allon ya watso jan rubutu, ashe ya kuskure sunan. Hararar da Auta ta zabga masa ta isa ta kashe kwamfutar. Ya share gumi ya sake, kafin ƙiftawar ido an gama.

Abba ya fito. Dogo, siriri, kansa na neman taɓa fanka, yana jijjiga jaririya a kafaɗa yana mata dariya.

Auta ta ƙura wa talabijin ido.

Umma ta sauko daga kujera, ta rarrafa har gaban talabijin ta ɗora tafinta a kai.

"Shi ne..."

Ɗan Gwaggo ya buɗe baki, Umma ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwayo ba. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Kaset ɗina dai ka kashe min shi, yaro, kuma ba zan daina faɗa ba."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ka ce wa manyanka su zo," in ji Umma. "Yanzu mayar min da shi farko."

Ya ɗago ya dubi Auta, ta kawar da kai.

"Ban huce ba fa," ta ce ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kumatunta. "Matsa min, ka tare min Abbana."