Kofato a Kejin Zaki

Ƙarfe tara na safe aka bugo wa Sufeto waya cewa zakin gidan namun daji ya mutu, kuma wai har sun kama wanda ya kashe shi.

Tun daga bakin ƙofa ransa ya fara ɓaci. Fentin allo ya koɗe, ruwan tafkin kada ya koma kore, keji bayan keji babu komai sai ciyawa da ledoji. A ofishin Manaja kaɗai fanka ke juyawa.

"Yallaɓai, ai mun hutar da ku," in ji Manaja. "Baba Mai Zaki ne. Shekaranjiya ya zage ni a gaban ma'aikata, ya ce gara zakin ya mutu da wannan wulaƙanci. Guba ya sa masa. Na kulle shi a ɗakin masu gadi."

"Kai ka kulle shi? Yaushe ka zama ɗan sanda?"

Manaja ya shiga gyara takardun da ba su karkace ba.

Zakin na kwance a kan siminti, haƙarƙarinsa duk a waje. A bayan kejin ga ungulu biyu matattu.

"Ikon Allah," in ji Saje, wanda ya rako shi. "Yallaɓai, abin da ya kashe ungulu ai ya wuce mushe."

Sufeto ya tona ragowar ƙasusuwan da sanda, ya ɗago wani kofato. Dunƙulalle ne, ba tsaga a tsakiya. Allon jikin kejin kuwa cewa ya yi naman sa ake ba zaki.

Baba Mai Zaki na zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki.

"Baba, me ka ba shi jiya?"

"Naman sa."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani mana."

Sufeto ya ja da baya taku uku, ya ɗaga kofaton. "To mene ne wannan a hannuna?"

Tsohon ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. "Kofin shayi ne?"



"Yanar ido ce ta rufe mini gani, ɗana," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina ɓoyewa. In suka sani za su sallame ni, wa zai kula da shi? Naman a daddatse yake zuwa a baro daga sito. Hancina ya ce mini ba sa ba ne, amma kwanansa huɗu bai ci ba. Da hannuna na miƙa masa."

"Ka san wannan ƙaryar ta kusa kai ka kurkuku?"

"Can ɗin ma ai keji ne. Na saba."

Likitar dabbobi ba ta ko bari ya gama tambaya ba.

"Jakin dawa ne," ta ce, ta tura kofaton gefe. "Ranar Litinin ya faɗa ramin da na yi wata shida ina cewa a cike, ƙafarsa ta karye. Ni na yi masa allurar hutawa. Maganin nan ba ya barin nama, duk abin da ya ci zai bi shi. Na ce wa Mai Sito a binne shi da zurfi."

"A rubuce?"

"A kan wace takarda? Ko safar hannu ni nake saya."

Mai Sito ya tarbe su da fara'a har da jawo kujera. Firjin bayansa a buɗe yake, an mayar da shi wurin ajiye tsintsiya.

"Ina jakin dawa?"

"Yana ƙasa, ranka ya daɗe. Bayan tafkin kada. Ni na tsaya a kai."

"Naman san jiya fa?"

"Ya zo, na ba Baba. Tsufa ne kawai, kun san rikicin tsofaffi."

"Saje, nemo shebur."

Ba a haƙa kamu biyu ba shebur ya ci karo da fata mai zane fari da baƙi, an naɗe kai a ciki. Babu cinya, babu haƙarƙari.

Sufeto ya juyo. "Sauran ya tashi ya koma daji ne?"

Gumi ya keto wa Mai Sito. "Yallaɓai, haka ake yi a gidan nan tun kafin na zo. Abin da ya mutu, cikin wani yake tafiya. Na ɗauka allura tana ƙarewa da rai."

"Likita ba ta gaya maka ba?"

"Kullum cikin faɗa take, wa ke saurarenta?"

"San fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mahautan bakin titi na kai wa. Sau ɗaya ne, wallahi."

"Sau ɗaya zakin ya rame haka?" Sufeto ya daka masa tsawa har tsuntsaye suka tashi. "Ka cinye abincin dabbar da ke kulle, ka sa makaho ya miƙa mata guba, sannan ka zauna kana kallo ana kulle shi! Ba ka ji kunyar furfurarsa ba?"

Saje ya ɗana masa ankwa. Manaja ya iso da sauri yana haki. "Madalla, Yallaɓai! Ni dama na daɗe ina zarginsa."

"Ka ajiye bayaninka. Gobe ƙarfe takwas ina jiranka a caji ofis, kan tsare mutum ba bisa doka ba. Buɗe wa Baba ƙofa, da hannunka."

Aka wuce da Mai Sito zuwa mota, ma'aikata suna bin sa da tsaki. Baba ya fito yana laluben bango.

"Zo mu sauke ka gida, Baba," in ji Sufeto, ya riƙo hannunsa.

Tsohon ya fizge hannunsa. "Gida? Kuna ta hayaniyarku tun safe, akwai wanda ya tuna kura ba ta sha ruwa ba?"

Ya lalubo bokiti ya nufi famfo.