Kujerar Da Ta Yi Ƙara

"Kowa ya rufe ido," in ji mai wa'azi. "Wanda ya ji Ubangiji na kiransa zuwa aikin fasto, ya miƙe tsaye."

Auta ta runtse nata.

Ranar ƙarshe ce ta taron da coci ke shirya wa waɗanda suka gama sakandare. Da safe ma wani baƙo ya ce musu sifana a hannun bakanike mai gaskiya ibada ce, ba sai an hau mumbari ba. Injiniya, saurayinta, har zungurarta ya yi don murna. Sunan tsokana ne ta sa masa, yaron gareji ne kawai, amma mota ko ta shekara a mace sai ta yi tari a hannunsa. Sun gama tsara komai: ya buɗe garejinsa, ita ta riƙa sayar da kayan gyara a gefe.

Sai dai shi ɗan fasto ne, ɗa ɗaya tilo.

Mama kuwa, mahaifiyarsa, ta faɗa mata ƙiri-ƙiri a bakin famfo: "'Yata, ba ƙinki nake ba. Amma ɗana mumbari zai hau, kuma 'yar mashayi ba ta zama matar fasto."

Zabiya ce ta kai wa Mama zancen mahaifin Auta, ita da ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Ita ce kuma yau ta ɗauki kujerar Mama da ladabinta, wai iskar fanka ta fi kaiwa can, ta dasa ta daidai inda take fuskantar Auta da Injiniya.

Ƙiiii...

Kujerar da ke gefen Auta ta yi ƙara.

Auta ta buɗe ido, Allah ya yafe mata.

Injiniya na tsaye, kansa a ƙasa. Can gaba idon Mama a buɗe tar, a kansa. Zabiya ma ta miƙe, hannu a sama, tana hawayen da ba ya ɓata hoda.

Aka ɗauki tafi. Auta ta tafa tare da kowa, tafin hannunta kamar ba nata ba.

Da aka tashi, ta san inda za ta same shi. Yana bayan zaure, tsugune gaban janareta, yana ƙara matse abin da ba ya buƙatar matsewa.

"Fasto..." ta ce.

"Don Allah, Auta, kar ki kira ni haka!"

"To me zan kira ka? Injiniyana ya mutu a zaure, ina gani."

"Makarantar Littafi Mai Tsarki ce kawai, masoyiya. In na gama..."

"In ka gama sai babana ya daina sha? Ko Mama ta manta?"

Janareta na ta surutunsa shi kaɗai.

Ta tsuguna gabansa, rigarta ta coci na jan ƙasa. Tun suna aji ɗaya ta san shi ciki da bai. Ba ya iya ƙarya sai ya goge hannu a wando, ko da babu ɗigon baƙin mai a jikinsa.

"Abu ɗaya na zo tambaya, abin ƙaunata. Muryar wa ka ji?"

"Auta..."

"In Ubangiji ne, ni wace ce da zan yi jayayya? Zan yi kukana, in yi maka addu'a, in warke. Amma in idon Mama ne ya ɗaga ka..." muryarta ta karye. "To ka zo mu je mu faɗa mata yanzu. Ni zan tsaya a gabanka, ta zage ni son ranta!"

Daga ƙofar zaure muryar Zabiya ta taso, zaƙi cau: "Ɗan'uwa! Mama na jira, za a ɗora mana hannu!"

Mana.

Kalmar ta soki Auta har ƙashi.

Ya miƙe a hankali. Ya kalli ƙofar, ya kalli sifanar da ke hannunsa, sannan ya ajiye ta a kan janareta kamar mai kwantar da jariri.

"Shi ne," ya ce. "Ubangiji ne ya kira ni."

Ta kafe fuskarsa da ido. Ta roƙi Allah a ranta kar ta duba ƙasa, don tana so ta yarda, tana so da dukan ranta.

Ta duba.

Hannuwansa biyu na kan wando, yana gogewa, yana gogewa, farin wandon da Mama ta goge masa da safe.

Ashe don ta samu ta warke ya yi mata ƙaryar. Wannan ya fi komai ciwo, domin har a cikin barinta sonta yake yi.

Ta share hawayenta, ta yi masa murmushi.

"To, amin," ta ce. "Je ka, kar su gaji da jira."

Ya tafi bai waiwayo ba. Ta ɗauki sifanar, har yanzu da ɗumin hannunsa a jikinta. Tana tsaye a wurin, ta ji an fara waƙa a ciki, Zabiya ce ke ja.