Agogon Kwamfuta da Jirgin Ɗangana

A shekarun da Yauri take cikin Jihar Sakkwato, akwai wata yarinya 'yar aji shida a Yelwa. Allah sarki zamani! A lokacin, yara kan tashi makaranta su bi ta bakin ruwa, suna shaƙar ƙamshin kifin banda har gida.

Yarinyar nan tana da ƙoƙari. Amma fa akwai ta da gaggawa, ga son a ce ita ta fara. Ita ce mai kaɗa ƙararrawar makaranta, wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin dalbejiya.

Wata rana malaminsu, Malam Sahabi, ya dawo daga kwas da wata 'yar ƙaramar kwamfuta. Ya haɗa ta da talabijin mai baƙi da fari, da batirin mota. Yara suka yi cincirindo, har da masu leƙe ta taga.

Malam ya ce, "Wannan na'ura ba ta san rana ba, ba ta san inuwa ba. Bugu kawai take ƙirgawa a cikinta, kamar zuciya. Bugu hamsin ne sakan ɗaya. In muka koya mata, sai ta kwaikwayi agogo."

Yarinya ba ta ji ƙarshen maganar ba. Hankalinta yana kan madannai.

Da yake agogon bangon makaranta ya daɗe da mutuwa, sai Malam ya ba ta aikin. Ta zauna tana dannawa. Da ta zo wurin bugu, sai ta tsaya.

"Nawa ma Malam ya ce?" ta tambayi kanta. "Ai sakan sittin ne minti, minti sittin ne awa. Komai na agogo sittin ne mana!"

Ta danna sittin. Nan take lambobi suka fara tafiya a talabijin. Yara suka ɗauki tafi, ita kuwa kai ya kumbura.

Malam ya ce, "Madalla. Amma kada a yi aiki da shi tukuna. Sai mun gwada shi da agogon hannuna."

"To, Malam," in ji ta.

Washegari da safe Malam ya saita mata lokaci don ta ci gaba da koyo. Shi da hedimasta suka tafi taro, kuma su kaɗai ke da agogon hannu. Da ma in haka ta faru, da inuwar dalbejiya ake duba lokacin tashi. Ranar nan yarinya ko kallon inuwar ba ta yi ba.

To, tana da ƙawa mai suna Dudu. Iyayen Dudu suna wani ƙauye a bakin ruwa, can ƙasar Ngaski. Ita tana zaune wurin gwaggonta saboda karatu. An haifa mata ƙane, gobe suna, kuma ba ta ko gan shi ba. Jirgin ruwan Ɗangana kaɗai ke zuwa ƙauyen ranar, kuma da an sallame azahar yake tashi.

Da rana ta take, Dudu ta matso. "Ƙawata, inuwa fa ta juya. Ki kaɗa mana."

"Ke Dudu, inuwa ce za ta koya wa kwamfuta lokaci? Dubi nan, da saura."

Can sai aka ji kiran salla daga masallacin kasuwa. Dudu ta miƙe zumbur.

"Kin ji ko? An kira azahar!"

Yarinya ta taɓe baki. "Ladan ne ya yi gaggawa yau. Zauna abinki, ni na sani."

Kun ji fa ƙarfin hali! Ladan da ya tsufa yana kiran salla, shi ne yau bai san lokaci ba. Dudu ta koma ta zauna, don ta yarda da ƙawarta.

Ba a jima ba Malam ya shigo. Ya dubi hannunsa, ya dubi talabijin. "Subhanallahi! Me kuke yi har yanzu? Agogon nan ya yi latti da kusan awa guda!"

Dudu ta suri ƙunshinta ta zura da gudu. Yarinya ta bi ta. Da suka isa bakin ruwa, jirgi ya yi nisa, sai ƙarar injinsa kawai ake ji.

Dudu ta zauna a kan yashi ta fashe da kuka. "Na gaya miki! Sau biyu na gaya miki! Yanzu Inna za ta yi ta duban hanya."

Yarinya ta durƙusa kusa da ita. Kunya ta kama ta, tausayi ya cika ta, ita ma sai hawaye.

Ta koma wurin Malam kanta a sunkuye. "Malam, sittin na sa. Na manta abin da ka ce, kuma ban tambaya ba."

Malam ya ce, "Kin sa na'ura tana jiran bugu sittin kafin ta ce sakan ya cika. Kowane sakan naki ya fi na gaskiya tsawo kaɗan. Kaɗan ɗin nan ne ya taru tun safe. Mantuwa ba laifi ba ce, ɗiyata. Laifin shi ne na ce a gwada, kika ƙi jira. Yanzu me za ki yi wa Dudu?"

Yarinya ta shiga neman mafita. Sai ta tuna Bappa, ƙanen babanta, mai sayen kifi a ƙauyukan bakin ruwa. Ta nemi izinin Malam, ta garzaya gidansa, ta faɗa masa komai ba ta rage ba.

Bappa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato ke ce kika fi ladan? To, da jibi na yi niyyar zuwa ƙauyensu, amma gobe zan tafi saboda Dudu. Amma jirgina yana yoyo. Ke za ki kwashe ruwa har mu isa."

Haka kuwa aka yi. Gari na wayewa suka kama hanya. Yarinya ta yi ta kwasar ruwa da ƙwarya har hannunta ya yi tsami, ba ta huta ba. Da Dudu ta ga haka, sai ta ɗauki wata ƙwaryar ta taya ta.

Suna isa, ana raba goro a ƙofar gida. Inna ta fito da gudu ta rungume Dudu. Aka miƙa mata jariri, ta riƙe shi tana dariya tana share hawaye.

"Zo ki ɗauke shi," ta ce wa ƙawarta. "Amma a hankali, ban da gaggawa!"

Da suka koma makaranta, yarinya ta goge sittin ta sa hamsin. Ta ari agogon Malam, ta zauna tana duban su biyun har suka yi awa guda tare. Sannan ta fita ta kaɗa ƙararrawa.

Yara, in kun manta abu, ku tambaya. In kun yi aiki, ku gwada shi kafin wani ya dogara da shi. Ƙaramin kuskurenku yana iya sa wani kuka.