Kafaɗar Sabbato

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

A birnin Rum, zamanin da ake kulle unguwarmu ta Yahudawa da faɗuwar rana, an yi wani ɗan gwanjo mai suna Sabbato. Wata Juma'a matarsa Perna ta aike shi sayen man zaitun na fitilar Asabar, ranar hutunmu da ke shigowa da faɗuwar ranar Juma'a. Ta ce idan ya tsaya surutu aka rufe ƙofa yana waje, bulalar masu gadi ta ishe shi, ba sai ta ƙara da tata ba.

Ya tsaya surutun kuwa.

Da ya taso daga bayan kasuwar shanu da tulun man a hannu, rana ta yi ja. Hanya mafi kusa ta bi ta ƙarƙashin tsohuwar ƙofar dutsen nan, wadda aka sassaƙa kakanninmu a jikinta, ɗauke da fitilar zinariya mai rassa bakwai da aka kwaso daga Haikalin Urushalima. Ba mu bi ta ƙarƙashinta. Ko jariri ba a ratsawa da shi. Sabbato ya dubi rana, ya dubi ƙofar, ya gyara hularsa rawaya, ya shiga.

Taku uku ya yi, kukan shanu ya ɗauke.

Warin kashin shanu ya tafi. Ƙamshin turare ya zo, da ƙaurin gini da ya ƙone. Sai ƙarar sarƙa. Sai tafiyar ƙafafu marasa takalmi, a hankali, a hankali.

Ya waiga. Mutane ne a jere, ƙura har girarsu, sanduna a kafaɗunsu. A kan sandunan, fitilar. Ba wuta a kanta ko ɗaya.

Wani tsoho a gaba ya raɗa masa, "Ɗan'uwa, karɓe ni. Kafaɗata ta mutu."

Mu kuwa, idan an zo wucewa da makara, ba a hana kafaɗa. Haka aka rene mu. Kafin Sabbato ya yi tunani, ya riga ya sunkuya.

Nauyin ya sauka. Ƙashinsa ya yi ƙara.

Tsohon ya miƙe, ya cire hular Sabbato ya sa a kansa, ya kama hanyar unguwa. Tafiyarsa irin ta Sabbato ce. Har ɗingishin.

Ƙafafun Sabbato suka fara bin sahu da kansu. Tafin hannunsa ya yi sanyi, ya yi tauri, ya soma komawa launin dutse.

"Ina za mu kai ta?" ya tambaya.

"Ba a kaiwa," in ji na bayansa. "Ɗauka ake yi."

Ta bakin ƙofar ya hango rana ta taɓa rufin gidaje. Ya tuna Perna, tsaye gaban fitilar da ba mai.

"'Yan'uwa," ya ce da ƙyar, "yau Juma'a ce. Asabar ta shigo. Ba a ɗaukar kaya."

Tafiyar ta tsaya.

Wani ya ce, "Asabar?" kamar mai tuna sunan ɗan da ya rasu. Tun ranar da aka kamo su, ba wanda ya gaya musu ranar da ake ciki.

Suka durƙusa, suka sauke.

Sabbato ya zame, ya ajiye tulun man a ƙasa, ya sheƙa. Ya wuce tsohon zaune a bakin hanya yana kuka, ya fizge hularsa. Ya kutsa ƙofar unguwa ana tura sakata.

Perna ta riga ta aro mai a maƙwabta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga kafaɗarsa, ta fasa.

Ran Lahadi ya tarar da tulun a inda ya bar shi, toshe yadda yake, ba ɗigo a ciki.

Kafaɗar ba ta sake miƙewa ba. Idan dattawa suna gardama, wani ya ce fitilar Haikalin tana ƙasan kogi, wani ya ce tana ɓoye a wani ɗaki, Sabbato ba ya sa baki. Amma kowace Juma'a, har ya tsufa, yakan je da wuri ya tsaya gefen ƙofar, ba ƙarƙashinta ba, ya ce a hankali, "Asabar ta kusa shigowa. Ku sauke."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na sauke nawa.