Mutumin da Ya Sayi Yunwa

Duk wanda ya san Mai Hatsi kafin abin ya faru zai gaya maka mutum ne mai kai. Ya karanta tattalin arziki, ko a gida ba ya barin matarsa ta huta: “Abu in ya yi ƙaranci sai ya yi tsada, sirrin duniya ke nan.” Ita kuwa sai ta harare shi tana dariya. “To Farfesa, ni ma zan fara yi maka ƙaranci.”

Da hannunta ta cire sarƙar zinariyarta ta ba shi, ya sayar, ya cika sito da masara yana jiran farashi ya tashi. Kwatsam gwamnati ta buɗe rumbunanta. Cikin mako guda buhu ya faɗo rabin kuɗinsa, ƙwari kuma suka shiga nasa. Yakan tsaya bakin sito yana jin ƙarar cinsu, ya tuna wuyan matarsa fayau ba komai.

Da tsakar rana ya je wurin boka. Ɗaki ne marar taga, ƙarnin tsohon jini ya kama bangonsa. Sikeli mai tsatsa na rataye yana lilo, ba kuwa iska. A tsakiya an kife kwanon awo marar gindi bisa wani baƙin rami.

“Kuɗi kake so?” in ji boka.

“A'a, yunwa nake so. Ka sa mutane su ji tsoron gobe kawai, kasuwa za ta ƙarasa aikin.”

Boka ya washe jajayen haƙoransa. “Ban taɓa samun mai ilimi irinka ba. Yunwa ba ta da masaya, da arha zan ba ka. Kawo mini ludayin da matarka ke zuba muku abinci.”

“Ludayi kawai?”

“Ka ji na ƙara wani abu?”

Ya kawo. Boka ya tofa masa wasu kalmomi, ya sake shi ta cikin kwanon. Ba a ji faɗuwarsa ba.

Kafin wata ya mutu tsoro ya cika gari. Kowa ya ga maƙwabci ya sayi buhu biyu sai ya sayi uku. Gwamnati ta ƙayyade farashi, masara ta ɓace daga rumfuna, ta koma fita ta ƙofar bayan siton Mai Hatsi a ninki huɗu. Ya sayi mota, ya saya wa matarsa sarƙa wadda ta fi ta da.

Auta, 'yarsu, ita ta fara. “Baba, ban ƙoshi ba.” Aka ƙara mata, ta cinye, ta sake miƙo kwano tana kuka. Tana ci tana ramewa, likitoci suka rasa gane kanta. Da cokali a hannu ta cika. Mahaifiyarsa ta bi ta bayan kwana tara. Matarsa kuwa a sito ya same ta, ta farke buhu da haƙori tana tauna ɗanyar masara, jini na bin sabuwar sarƙar.

“Farfesa,” ta ce tana ƙyalƙyala dariya, “ƙoshi ya yi ƙaranci.”

Ba takalmi ya isa wurin boka, ya zube ƙasa.

“Ka karɓi motar, ka karɓi siton, ka ba ni ludayina! Ita kaɗai ta rage mini!”

“Da jiya ka zo, da motar kawai ta isa na ba ka. Yau ya tashi.”

“Nawa ne? Faɗi ko nawa ne!”

“Ba na sayarwa yanzu. Na ajiye sai ya ƙara tsada.” Boka ya dafa kafaɗarsa. “Kai ka koya mini.”

Har yau Mai Hatsi yana yawo bayan kasuwa, tsumma a jiki, yana tare mata yana roƙon aron ludayi. Kai da ka kulle sito kana addu'ar maƙwabcinka ya ji yunwa, ka ji tsoron Allah. In ka kira ta, gidanka za ta fara sauka.